An cire tallafin man fetur, to ina kuɗin ya shiga?

Tambaya: Malam, ni malamin firamare ne. Tun da aka cire tallafin mai ake ce mana gwamnati ta samu rarar kuɗi, har rabon da ake yi wa jihohi duk wata ya ninka. Amma mu a gida abin sai ƙara tsanani yake yi. Shin cire tallafin nan kuskure ne? In kuma ba kuskure ba ne, ina kuɗin yake?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan koyarwa. Tambayar taka biyu ce a haɗe. Amsar ta farko gajeriya ce: a ra'ayina tallafin nan ba zai ɗore ba, ko wane ne ya ci zaɓen 2023. Manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku da Peter Obi, duk sun ce za su cire shi, kuma kasafin ƙarshe na gwamnatin Buhari bai ware masa kuɗi ba sai zuwa watan Yunin 2023. Inda aka cuci talaka shi ne yadda aka cire shi, da abin da aka haɗa shi da shi cikin mako biyu, da kuma hannun da kuɗin ya koma. Tambaya ta biyu ce take buƙatar zama, sai ka yi haƙuri da ni.

Najeriya tana haƙo ɗanyen mai, amma ta yi shekara da shekaru ba ta tace wanda take amfani da shi. Matatun gwamnati huɗu ne, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna. A takarda za su iya tace ganga 445,000 a rana, a zahiri kuwa sun daɗe a kwance. Sai a sayar da ɗanyen a waje, a sayo tataccen da dala, a kawo gida a sayar da shi ƙasa da yadda aka sayo. Wannan giɓin shi ake kira tallafi. A shekarun ƙarshe na tallafin, kamfanin mai na ƙasa, wato NNPC, shi kaɗai ke shigo da fetur, kuma ba ya jiran kowa ya biya shi giɓin. Yakan cire abinsa daga cinikin ɗanyen mai kafin ya kai ragowar asusun tarayya. A 2022 tallafin ya cinye sama da naira tiriliyan 4, kusan dala biliyan 10 a canjin wancan lokaci, fiye da abin da gwamnatin tarayya ta ware wa ilimi da lafiya in an haɗa su. A shekarar ce yaƙin Rasha da Yukiren ya kai gangar mai sama da dala 100. Sauran ƙasashe masu arzikin mai suna ta tara kuɗi, mu kuwa NNPC ya yi watanni bai zuba ko kwabo a asusun da ake rabawa ba.

Kuma ba duk kuɗin ne ke isa tankin ɗan Najeriya ba. Kwamitin Majalisar Wakilai da ya yi bincike bayan zanga-zangar Janairun 2012 ya gano cewa a 2011 an kashe kimanin naira tiriliyan 2.5 da sunan tallafi, alhali abin da aka ware a kasafi biliyan 245 ne, kuma akwai kamfanonin da suka karɓi kuɗi kan man da ba su kawo ba. Ga kuma fasa-ƙwauri. Duk wanda ya san hanyar Jibiya ko Illela ko Maigatari ya san jarkokin da ake ɗaure wa babur a tsallaka da su. Fetur ɗinmu mai araha ne 'yan bumburutu ke sayarwa a kwalabe a Maraɗi da Kwanni, haka a Jamhuriyar Binin da arewacin Kamaru. Kafin a cire tallafin hukuma na cewa ana shan sama da lita miliyan 60 a rana, bayan an cire lissafin ya faɗi ƙasa sosai. Wani ɓangare na raguwar mutane ne suka ajiye motocinsu, wani ɓangaren kuma man da dama ba a nan ake shansa ba.

Duk wannan gaskiya ne, kuma shi masana suka yi ta maimaitawa. Amma akwai abin da suka raina, wanda ni nake ganin shi ne zuciyar maganar. Tallafin mai shi ne kusan abu ɗaya tak da talaka ke samu daga arzikin ƙasarsa ba tare da yana da uwa a gindin murhu ba. Ba sai kansila ya sa sunanka ba, ba sai kana jam'iyya mai mulki ba. Gaskiya ne mai motoci biyar da janareta ya fi kowa amfana, amma mai markaɗe da ɗan acaɓa da matar da ke hawa adaidaita sahu zuwa asibiti su ma suna samun nasu, a cikin kuɗin mota da farashin kwanon hatsi. Ɗan abin da suke samu ɗin, in ka auna shi da abin da ke shiga aljihunsu, ya fi na attajirin nauyi. Wanda zai karɓe wannan, wajibi ne ya zo da madadinsa a hannu tun kafin ya karɓe.

Ba haka aka yi ba. Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabin rantsuwa, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Cikin kwana biyu litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. Babu ministoci a lokacin, babu sabon albashi, babu motocin haya da aka tanada. Sai kuma a tsakiyar Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 750 nan da nan, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500.

Matakan nan biyu kowanne yana da hujjarsa, amma da aka haɗa su sai ɗaya ya riƙa cinye ɗaya. Fetur da dala ake sayo shi. Duk ranar da naira ta faɗi, kuɗin sauke lita ɗaya a tashar jirgin ruwa ya tashi. Gwamnati ta ga in ta bar farashi ya bi dala ƙasar za ta kama da wuta, sai aka riƙe lita a wajen naira 600 da ɗoriya tun daga Yulin 2023 har zuwa farkon Satumban 2024, alhali dala ta ninka a tsakani. Wane ne ya biya bambancin? NNPC ne, ta hanyar cin bashin masu kawo masa mai da kuma riƙe abin da ya kamata ya kai asusun tarayya. Wato tallafin ya dawo ta bayan gida ba tare da an kira sunansa ba. A Satumban 2024 kamfanin ya amsa da bakinsa cewa bashin masu kawo mai ya yi masa katutu, lita ta koma 897 a Abuja, a Oktoba ta haura 1,000. Bankin Duniya, wanda ya fi kowa goyon bayan wannan gyara, shi ne ya faɗa a rahotonsa na Mayun 2025 cewa sai a Oktoban 2024 aka cire tallafin gaba ɗaya, kuma sai a Janairun 2025 NNPC ya fara miƙa rarar, ita ma rabi kawai, sauran rabin yana biyan tsofaffin basussuka da shi. To ga wuri na farko da kuɗin ya shiga. Kai ka fara biyan sabon farashi tun 2023, rarar kuwa ba ta fara isa baitulmali yadda ya kamata ba sai bayan shekara ɗaya da rabi.

Yanzu mu zo kan rabon wata-wata da ka ce ya ninka. Ya ninka, har ya fi haka. A watannin farko na 2023 abin da matakan gwamnati uku ke rabawa a Abuja yana kai-kawo ne wajen naira biliyan 700. A wasu watanni na 2025 ya haura tiriliyan 2. Amma ɗauki alli ka yi wannan lissafin a allo. Biliyan 700 a canjin 460 ya kama dala biliyan 1.5. Tiriliyan 2 a canjin 1,500 ya kama dala biliyan 1.3 da ɗoriya. Ka ga ashe ƙasar ba ta ƙara arziki ba. Gangar mai ɗaya da aka sayar, dalolinta ne ake canzawa zuwa naira mai yawa fiye da da, haka harajin kwastan da ake ƙididdigewa da dala, haka harajin kayan masarufi da ke tashi duk lokacin da farashi ya tashi. Kaso mai tsoka na ƙarin daga faɗuwar naira ya fito.

Kada ka ɗauka wannan yana nufin gwamnoni ba su samu komai ba. Sun samu, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau, domin kai abin ya shafa kai tsaye. Kuɗin shigar gwamna yana bin dala, amma babban abin da yake kashewa duk wata, wato albashi da fansho, da naira yake biya, kuma ba ya bin dala. Mafi ƙarancin albashi na 2019 naira 30,000 ne. A canjin 460 ya kai dala 65, kuma yana sayen fetur sama da lita 150. A Yulin 2024 aka mayar da shi 70,000. A canjin 1,500 dala 47 ke nan, a farashin lita 1,000 kuma lita 70. An ce an ninka maka albashi har da ƙari, amma abin da zai saya ya ragu. Abin da ya fita daga darajar albashinka bai ɓace a iska ba, shi ne ya bayyana a matsayin rara a asusun wanda ke biyan ka. Haka mai fansho, haka duk wanda ya ajiye 'yan kuɗinsa a banki ko a adashe. Wannan shi ne ainihin amsar tambayarka: kuɗin ya tashi ne daga aljihun masu albashi da masu sayen mai da abinci, ya koma asusun gwamnatoci, ba tare da an rubuta wa kowa takardar haraji ba.

Da ya shiga can, ina ya nufa? A ɓangaren tarayya, wadda ke ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari na babban asusun, bashi ne ke fara cin nasa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi ya cinye kusan kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Bashin waje da dala ake biyansa, don haka da naira ta faɗi nauyinsa a naira ya ninka ba tare da an ranto ko sisi ba. Ga kuma naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin da ta gabata ta ci daga Babban Banki, wanda a zahiri buga kuɗi ne, kuma yana cikin abin da ya kunna wutar tsadar tun kafin 2023. Don a kashe wutar, Babban Banki a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari a 2024. Hakan ya taimaka wa naira ta tsaya, amma ya sa duk rancen da gwamnati ke ci a cikin gida ya ƙara tsada, balle ɗan kasuwar Kantin Kwari ko mai masana'anta a Sharaɗa da Bompai da ke neman jari a banki.

Jihohi suna ɗaukar kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60. In za a yi adalci, wasu gwamnoni sun rage bashin cikin gida da suka gada, wasu sun biya tsofaffin haƙƙoƙin 'yan fansho, kuma ba a cika jin jihar da ke cin bashi don biyan albashi kamar a 2015 da 2016 ba. Amma ka duba inda mafi yawan sabon kuɗin ya tafi a jihohi da dama: gadar sama a babban birni, sabon gidan gwamnati, filin jirgi, motocin manya. Aikin kwangila ne, mai saurin gani da ido da saurin yanka. Albashin malami da maganin asibitin karkara da rijiyar burtsatse da ta lalace ba su da bikin buɗewa, sai su koma ƙarshen layi.

Ku malaman firamare kun fi kowa sanin wannan, don albashinku daga kason ƙaramar hukuma yake fita, kason kuma ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamna. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kada a ba wadda ba zaɓaɓɓun shugabanni ke riƙe da ita ba. Hukunci ne mai kyau. Abin da ya biyo baya shi ne gwamnoni suka yi ta shirya zaɓen ƙananan hukumomi cikin gaggawa, a mafi yawan jihohi jam'iyyar gwamna ta lashe kujeru kusan duka, aiwatar da biyan kai tsayen kuma ya yi ta jan ƙafa. A Abuja ma, ƙarƙashin idon gwamnatin tarayya, malaman firamare sun yi sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan wannan 70,000 ɗin da doka ta riga ta ba su. Sannan akwai kuɗin hukumar ilimin matakin farko ta ƙasa, wato UBEC, da ke zaune shekara da shekaru wasu jihohi ba su ɗauka ba, saboda sharaɗinsa shi ne jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta. Jihar da rabonta ya ninka amma ta ce ba ta da abin ajiyewa don gyaran azuzuwa, ta riga ta nuna maka abin da ta ɗauka da muhimmanci.

Mu a Arewa abin ya fi yi mana zafi, kuma akwai dalilai. Da can akwai asusun daidaita farashi da ke biyan kuɗin dakon mai daga bakin teku zuwa nesa, don lita ta zama kusan kuɗi ɗaya a Legas da Sakkwato. Da aka saki farashi, wanda ya fi nisa shi ya fi biya. Sai noman rani. Ka je Kura ko Kadawa ko fadamun Haɗeja ka ga abin da ke ɗaga ruwa daga rafi ko daga 'yar rijiyar da aka haƙa a gona: ƙaramin injin ban ruwa ne mai shan fetur. Manomin tumatir ko albasa ko alkama yana kunna shi duk bayan 'yan kwanaki tun daga dashe har girbi. In galan ya ninka sau biyar, ba shi da zaɓi sai ya rage faɗin gonar, ko ya jinkirta ban ruwan amfanin ya ƙanƙance, ko ya ci bashin dillali da sharaɗin shi zai sayar wa da kayan. Shi ya sa ka ga masu ɗan ƙarfi suna komawa injin sola, marasa ƙarfi suna barin gonar. Irin wannan asarar ba ta fitowa a lissafin rarar tallafi, sai a farashin kayan miya bayan wata huɗu.

Ba zan ɗora wa tallafi komai ba. Manyan motocin da ke ɗauko hatsi daga Dawanau gas suke sha, shi kuwa an daɗe da sakin farashinsa, kuma tun 2022 ya yi tashin gwauron zabi. 'Yan bindiga sun raba dubban manoma da gonakinsu a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja da Kaduna, wasu sai sun biya haraji kafin su yi shuka ko girbi. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sa aka rufe iyaka har zuwa Maris ɗin 2024, cinikin dabbobi da wake da albasa ya tsaya cak a lokacin da aka fi buƙatarsa. Duk waɗannan suka haɗu a kan mutanen da dama a galabaice suke. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Wanda ya yi mamakin zanga-zangar matan Minna a Fabrairun 2024, ko ta farkon Agustan shekarar da ta kai ga sa dokar hana fita a Kano da wasu jihohi, bai san abin da ke cikin tukunyar mutane ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne an san yadda ake yin wannan aiki ba tare da an jefa mutane cikin irin wannan hali ba. Iran ta cire nata tallafin a Disamban 2010, amma sai da ta buɗe wa iyalai asusun banki, ta zuba kuɗin a ciki, kowa ya ga nasa, sannan ranar da aka ƙara farashi aka ba da damar cirewa. Indunusiya a 2005 ta haɗa ƙarin farashin da ba da kuɗi kai tsaye ga gidaje kusan miliyan 19. Ko a nan gida, da Abacha ya kai lita naira 11 a 1994, an ware ƙarin a asusun PTF da Buhari ya shugabanta. Akwai abin suka a PTF, kuma mulkin soja ba abin kwatance ba ne, amma har yau dattawa suna nuna maka hanya ko asibiti su ce wannan aikin PTF ne. Mutane sun ga inda kuɗinsu ya shiga. A 2023 kuwa sai bayan an cire aka fara neman abin da za a rage raɗaɗi da shi. A Agusta aka sanar da biliyan 5 ga kowace jiha da tirelolin shinkafa, rabon ya bi ta hannun 'yan siyasa. Aka yi alkawarin naira 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15, a Janairun 2024 aka dakatar da ministar da ke kula da shirin kan zargin karkatar da kuɗi, aka tsayar da shirye-shiryen har da ciyar da ɗalibai, wanda ka fi ni sanin yadda yake cika aji. A daidai wannan lokaci aka saya wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci na alfarma, a Agustan 2024 kuma aka kawo sabon jirgin shugaban ƙasa. Kuɗin waɗannan bai kai ya rufe giɓin kasafi ba, na sani. Amma shugaban da ya ce wa jama'a su ɗaure ciki, ya kamata a fara ganin alamar hakan a gidansa, in ba haka ba babu wanda zai yarda da lissafinsa ko da daidai ne.

Akwai abubuwan da suka gyaru, kuma ba zan ɓoye su don na ji haushi ba. Da can mai hanya yana karɓar dala a Babban Banki a 460 ya fita ya sayar a kasuwar bayan fage sama da 700, ya yi arziki bai ɗaga ko tsinke ba. Wannan ƙofar ta rufe. Ajiyar ƙasar ta kuɗin waje ta haura dala biliyan 40. Matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, kuma da wuya ta iya sayar da manta a gida in gwamnati na ci gaba da karya farashi. Dogayen layukan gidan mai sun ragu. Hauhawar farashi ma ta sassauta a 2025, sai dai a nan akwai abu biyu da ya kamata ka sani. A Disamban 2024 tana kashi 34.8, a Janairun 2025 aka sanar da 24.48, kuma wannan faɗuwar ta wata guda ta zo ne daga sauya ma'aunin lissafin da hukumar ƙididdiga ta yi. Na biyu, in an ce hauhawa ta ragu, ana nufin gudun tashin farashi ne ya ragu, kayan ba su koma inda suke da ba. Hatsi ya sauko a 2025, gaskiya ne, bayan an ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024. Mai saye ya ɗan numfasa, amma manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da masara da araha shi ya ɗauki asarar, kuma manomin da ya yi asara bana ba ya faɗaɗa gona baɗi.

Za ka ce to a dawo da tallafin mana. Ni ban goyi bayan haka ba. A canjin dala na yanzu, mayar da lita naira 200 zai ci kuɗin da ya ninka na 2022 sau da yawa, kuma babu inda za a samo shi sai a koma buga kuɗi, wanda shi ne zai ƙarasa cinye ɗan abin da ya rage na albashinka. 'Yan fasa-ƙwauri da masu takardun bogi su za su fara murna. Abin da ya dace a nema shi ne a dawo wa mutane da kuɗinsu ta hanyar da ba sai an roƙi kowa ba, kamar yadda tallafin yake a da. Albashi ya riƙa bin tsadar rayuwa, kuma dokar 2024 ta riga ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku. Haihuwa da maganin yara ƙanana su zama kyauta a asibitin gwamnati, da magani a kan kanta. A dawo da abincin makaranta. A sa kuɗi a injinan ban ruwa na sola da taki, a kan lokaci, kafin ruwan farko. A samar da motocin haya masu yawa a manyan garuruwa. Kusan duk waɗannan aikin jiha da ƙaramar hukuma ne, kuma su ne kuɗinsu ya ƙaru alhali babu bashin waje mai nauyin na tarayya a kan mafi yawansu.

Shi ya sa nake ganin tun 2023 muna kallon Abuja kaɗai, gwamnoni suna jin daɗin hakan. Abin da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga rabon tarayya ba sirri ba ne, ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga suna wallafa shi, ana samunsa a intanet, jaridu ma suna bugawa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta takarda ka nemi bayani. Kai kaɗai ba za a saurare ka ba, amma reshen ƙungiyar malamai ta NUT na ƙaramar hukumarku, da kwamitin iyayen yara, da limamai da masu unguwanni, in suka zauna da takarda ɗaya a hannu, magana ta canza. Ku nemo abin da ƙaramar hukumarku ta samu a watan Afrilun 2023, ku nemo na watan da ya wuce, ku ajiye su gefe da gefe. Ku rubuta yawan malaman da ke bakin aiki a lokacin da na yanzu, da abin da ake biyan mai matakin albashi irin naka a lokacin da na yanzu. Sannan ku je wurin shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha mai wakiltarku, ku tambaye su nawa ne daga cikin wannan kuɗin ya iso asusun ƙaramar hukumar, nawa aka riƙe a babban birnin jiha, kuma da sunan wane aiki aka riƙe shi.